Soja Ɗaya, Bishiya Ɗaya: Nazarin Titin Girmamawa na Bacchus Marsh

Ran 10 ga Agustan 1918 mutanen Bacchus Marsh, wani ƙaramin garin masu lambu da ke kimanin kilomita 50 yamma da Melbourne a jihar Victoria ta Ostareliya, suka yi dafifi a bakin hanyar shiga gari. An riga an haƙa ramuka a jere, dama da hagu. Da aka busa begila, sai iyaye da dangi suka dasa itatuwan elm 281 a lokaci guda, kowanne da ɗan allon ƙarfe mai sunan mutum ɗaya daga yankin da ya tafi yaƙin duniya na farko.

A lura da ranar. Saura wata uku a tsagaita wuta, domin sai ran 11 ga Nuwamba bindigogi suka yi shiru. Uwar da ke tura ƙasa a gindin dashen ɗanta ba ta san ko zai dawo da ƙafarsa ba, ko kuwa takardar gwamnati ce za ta iso a madadinsa. Ke nan ba mutuwa aka karrama ba, ba kuma dawowa ba. Tafiyar aka karrama. Wanda ya kwanta dama a Gallipoli ko a Faransa da wanda ya dawo lafiya lau, bishiya iri ɗaya aka ba su. An kuma jera sunayen bisa tsarin haruffa, ba bisa muƙami ba, don haka wa da ƙane suka samu inuwa a wuri ɗaya, hafsa ya yi maƙwabtaka da kurtu.

Al'adar ba a nan ta fara ba. A garin Ballarat, tun 1917 'yan matan masaƙar Lucas suka soma irin wannan dashe, har ya kai tsawon kilomita 22 da bishiyoyi sama da 3,700. Daga nan ƙauyukan Victoria suka ɗauka, kowa gwargwadon ƙarfinsa.

Dalilai biyu suka sa abin ya kama ƙasa. Na farko, ba a mayar da gawawwakin sojoji gida ba. Ƙasar da yawan jama'arta bai kai miliyan 5 ba ta rasa mutum sama da 60,000, kuma kaburburansu na can wata uwa duniya da talaka ba zai taɓa zuwa ba. Bishiyar ta zama wurin da za a iya zuwa a tsaya, a share, a ba ruwa. Na biyun ya fi ɗaci. Duk sojan Ostareliya da ya tafi wancan yaƙi, sa kai ya yi. Sau biyu gwamnatin Billy Hughes ta nemi a amince da aikin soja na tilas ta ƙuri'ar raba gardama, a 1916 da 1917, sau biyu jama'a suka ƙi. Rigimar ta raba gidaje da majami'u. Masanin tarihi Ken Inglis, a littafinsa Sacred Places na 1998, ya nuna cewa wannan ne ya sa yawancin wuraren tunawa na ƙasar suke lissafa duk wanda ya tafi, har da masu rai, saɓanin Ingila da Faransa inda galibi sunayen matattu ake rubutawa.

A nan nake ganin masu yabon al'adar suna saurin wucewa. A garin da kowa ya san kowa, jerin waɗanda suka tafi jerin waɗanda suka zauna ne kuma. Saurayi majiyi ƙarfi da ke kora keken dokinsa ta wannan titi zuwa kasuwa, bishiya bayan bishiya babu sunansa, ba ya buƙatar a ce masa komai. Zamanin ne fa da ake miƙa wa namijin da ba ya cikin kaki farin gashin tsuntsu, alamar ragwanta. Karamcin na gaske ne, amma da gori a cikinsa.

Da jiragen ruwa suka yi ta sauke dakaru a 1919, sai bukukuwan tarba suka biyo baya a garuruwan karkara: jawabai a zauren taro, shayi da rawa, lambar zinariya da aka yi karo-karo aka saya, da allon katako mai sunaye da ruwan gwal a makaranta ko majami'a. Wannan duk an yi shi da zuciya ɗaya, kuma bai ci kuɗi sosai ba.

Abin da ya ci kuɗi shi ne rayuwa bayan an watse. Gwamnati ta raba wa 'yan mazan jiya gonaki a kan bashi, da yawa a busasshen yankin Mallee, filayen kuma sun yi ƙanƙanta. Mutumin da iskar guba ta ci masa huhu, ko wanda ƙarar igwa ba ta bar shi barci, aka ce ya sare daji ya noma alkama. Abin ya lalace har sai da Victoria ta kafa hukumar bincike a 1925, kuma da yawa suka bar gonakin da bashi a wuya. Bishiyoyin su kam sun yi albarka, tunda cutar da ta ƙarar da itatuwan elm a Turai da Amurka ba ta shiga Ostareliya ba. Yau rassansu sun haɗe a saman titin Bacchus Marsh, motoci na bi ta ƙarƙashi.

Akwai kuma waɗanda ko gonar bashin ba su gani ba. 'Yan asalin ƙasar, Aborijin, kimanin 1,000 sun yi wancan yaƙi. 'Yan gidan Lovett su biyar, 'yan ƙabilar Gunditjmara daga Lake Condah a yammacin Victoria, duk sun tafi sun dawo, huɗu daga cikinsu suka sake sa kaki a yaƙin duniya na biyu. Bayan wannan yaƙin aka yanka filin mishan na Lake Condah aka raba wa tsofaffin sojoji fararen fata. Herbert Lovett ya nemi a ba shi yanki a ƙasar kakanninsa, ba a ba shi ba.