Kai ko Ke? Wakilin Suna a Duniyar Gethen

Littafin Ursula K. Le Guin, The Left Hand of Darkness, ya fito a Amurka a 1969. Mu nan galibi a Faransanci muke samun sa, da sunan La Main gauche de la nuit. Ya ci kyautar Hugo da ta Nebula, amma gardamar da ta fi bin sa a kan ƙaramar kalma guda ce: wakilin suna.

An aiki Genly Ai, baƙar fata daga duniyarmu, jakada zuwa wata duniya mai tsananin sanyi, Gethen. Mutanen can ba maza ba ne, ba mata ba. Duk bayan kwana 26 sai su shiga wani yanayi na ƴan kwanaki da suke kira kemmer, jiki ya karkata namiji ko mace, daga baya ya koma yadda yake. Wanda ya haihu bana, baɗi yana iya zama uban wani. Har sarkin ƙasar Karhide sai da ya ɗauki ciki. Duk da haka Le Guin ta kira kowa da "he", wato shi. Marubuta irin su Joanna Russ suka yi mata ca. A 1976 ta kare kanta, bayan kamar shekara goma kuma ta dawo ta ce masu sukar suna da gaskiya.

Ni a ganina ta cika saurin sallamawa. Wa ke ba da labarin? Genly ne, mutumin da idonsa bai saba ganin ɗan Adam ba sai a namiji ko mace. Wannan "shi" makantarsa ce, kuma littafin kan makantar yake tafiya. Sannan masu ganin canza wakilin suna zai gyara komai, su zo Yamai su saurari Zabarmanci. Kalmar "a" ita ce shi, ita ce ita. Shi ya sa wani Bazabarme in yana koyon Hausa sai ka ji ya ce "matata ya zo". To, hakan ya hana a san aikin maza da na mata a Zabarmatare? Ko kusa. Inda littafin ya gaza da gaske shi ne Estraven, babban waziri kuma abokin tafiyar Genly: mun gan shi yana siyasa, yana gudun hijira, yana jan kaya a kan ƙanƙara, ba mu taɓa ganin sa da goyo ba. Hoton da ya zauna a kan mai karatu na namiji ne, ko da wace kalma aka kira shi.

Yanzu a ce za mu juya littafin zuwa Hausa. Nan ake yin ta! Ingilishi da Faransanci suna da mafaka, don "you" da "tu" ba su tona jinsi. Mu kuwa ko sannu da zuwa ka wuce, sai ka zaɓa: ka zo ko kin zo, kai ne ko ke ce, gidanka ko gidanki. Mai fassara yana iya fakewa da "ku" ta girmamawa, kuma ta dace da fadar Karhide, inda kowa ke tsaron mutuncinsa kamar ƙwai. Sai dai wannan dabara tana ƙarewa a kan ƙanƙarar Gobrin. Su biyu kaɗai cikin tanti, tafiyar kwana kusan 80, Estraven ya shiga kemmer, Genly ya ga abin da ya daɗe yana kau da kai daga gare shi. Mutanen da suka kai ga kiran juna da sunan yanka ba za su ci gaba da "ku" ba.

Da ni ce mai fassarar, "shi" zan bari daga farko, yadda Genly ya saba. A daren nan na tanti kaɗai zan sa "ke" ta kuɓuce masa, sau ɗaya, ba tare da wani bayani ba. Washegari in mayar da shi kan "kai", ya ci gaba da jan kayansa.