Wasan Kwaikwayo na Zaune: Wane Littafi Ya Cancanci Kuɗin Ƙungiya?

A ƙarshen hutun damina, wani abokin aikina da ke jagorantar wata ƙungiyar al'adu ta matasa a Gazawa ya turo mini jerin littattafai shida. Wani ɗan garinsu mazaunin Faransa ya yi alkawarin sayo musu biyu daga ciki, su zaɓa. Dukansu littattafan wani wasa ne da Faransawa ke kira jeu de rôle, ni kuwa nake kiransa wasan kwaikwayo na zaune. Shawarar da na ba shi ita ce nake son in shimfiɗa a nan, domin kyauta irin wannan ba kullum take zuwa ba, kuma kowane malami ya san kabad ɗin makaranta da ke cike da littattafan taimako masu kyan bango, waɗanda gara kaɗai ta taɓa leƙawa.

Ga yadda wasan yake. Mutum huɗu ko biyar su zauna a da'ira. Ɗaya shi ne jagora: shi ke siffanta wuri da abin da ke faruwa. Sauran kuwa kowa ya ɗauki rigar mutum guda a cikin labarin, ya faɗi da bakinsa abin da mutumin nan zai yi. In abin yana da haɗari, sai a jefa ɗan lido, lambar da ta fito ta yanke ko an dace ko an faɗi. Babu dandamali, babu masu kallo, babu rubutaccen ƙarshe. Na farko da aka buga don sayarwa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

Shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A wasan kara na Damagaram, talaka yakan zama gwamna ko ma shugaban ƙasa na yini guda. Ƴan samariya na shekarun 1970 da 1980 sun shirya wasanni da dama ba tare da takarda ba, sai dai a raba matsayi kowa ya san bakinsa. Tatsuniya ma ba ta tafiya sai da mai amsawa. Abin da littattafan nan suka zo da shi sabo abu ɗaya ne: ƙa'idar da ke raba gardama idan yaro ya ce ya tsallake rijiya, ɗan'uwansa ya ce ƙarya ne. Da wannan ma'auni na auna su, kuma iri huɗu ne.

Iri na farko shi ne littafin ƙa'idoji. Shi ne kaɗai wanda in babu shi babu wasa, amma a nan ma akwai tarko. Dungeons & Dragons ya rabu littafi uku: na ɗan wasa, na jagora, da na dodanni. A bugun 2024, na ɗan wasa kaɗai shafi 384 ne, farashinsa a Amurka kusan dala 50, wato wajen jika 30 na sefa, ban da kuɗin aikowa. Yana kuma buƙatar ƴaƴan lido na musamman, masu fuska 4, 8, 10, 12 da 20, waɗanda ni dai ban taɓa cin karo da su a kasuwar Agye ba. Wanda ya cancanci saye shi ne wanda ya cika sharaɗi uku: ya zama cikakke a littafi guda, jagora ya iya bayyana shi cikin minti 15, kuma a iya yinsa da kayan da ke hannu. Kafin ma a fitar da ko dala, a sani cewa a 2023 kamfanin da ya mallaki Dungeons & Dragons ya saki ginshiƙin ƙa'idojinsa a intanet kyauta, har da fassarar Faransanci, da izinin da ya yarda a kwafa, a gajarta, a fassara, muddin an ambaci mai shi. Ke nan ba abin da ya hana malaman Hausa biyu su zauna su fitar da shafi 20 cikin harshenmu. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, irin wannan ƙaramin aiki ya fi dogon jawabi amfani.

Iri na biyu shi ne shiryayyen labari, wanda ake bi babi-babi har tsawon watanni. Wannan ban ba da shawararsa ba. Sau ɗaya ake cin moriyarsa: duk wanda ya yi wasan ya san asirin. Ga shi kuma an gina shi kan dusar ƙanƙara da gidajen giya da fadojin dutse. Na taɓa gwada irinsa da ƴan aji uku na kwaleji. Rabin lokacin ya tafi wajen bayyana kalmomi, har wata yarinya ta tambaye ni me ya sa jaruman ba su da iyaye ko dangin da za su yi wa sallama. Tambayarta ta fi littafin zurfi.

Iri na uku shi ne littafin duniyar wasa da kundin dodanni. Shi ya fi kyan zane, shi ya fi jan ido, shi kuma muka fi wadatuwa da barinsa. Wanda ke zaune a yankin Gidan Rumji yana da Tsibiri, inda Gobirawa suka kafa sabon zama bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da gulbin Maraɗi, da labarin Katsinawan da suka bar birninsu a 1807. Ayarin fatake da zai ratsa tsakanin Maraɗi da Katsina a zamanin Ɗan Baskore ya isa wasan wata guda. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, tafiyar nema ce daga farko har ƙarshe, kowane zango da matsalarsa. Ko a yau, in aka ba ɗalibai matsayin manomi, makiyayi, mai saran ice da maigari a kan gawon da aka sare da dare, irin rigimar da kwamitocin tsaron itatuwa na Ɗan Saga suka sani, za a ji hujjojin da rubutun insha'i bai taɓa fitarwa ba. Akwai littattafan da aka gina kan Afirka, kamar Nyambe na 2002 da Spears of the Dawn na 2013. An yi su da kyakkyawar niyya, amma da Ingilishi suke, kuma Afirkar da ke ciki ƙagaggiya ce, an gauraya al'ummomi da yawa a tukunya ɗaya. Malami zai iya karanta su don ganin dabara. Ba su ne sayen farko ba.

Iri na huɗu shi ne littafin da mai karatu ne jaruminsa, irin waɗanda Gallimard ya fassara a shekarun 1980. Le Sorcier de la montagne de feu, na Steve Jackson da Ian Livingstone, sakin layi 400 ne masu lamba. Kana zaɓar hanya, ana tura ka lamba kaza. Ƴaƴan lido biyu da fensir sun isa. A matsayina na malamin Faransanci, ban san wani littafi da ke tilasta wa ɗalibi fahimtar jimlar sharaɗi kamarsa ba, domin wanda bai gane ba jaruminsa zai halaka. Ɗan kwanto ma ya wadatar.

Sauran magana guda, wadda iyaye za su tayar, kuma suna da haƙƙi. Ɗan lido yana kama da caca, bangon wasu littattafan kuma cike yake da shaiɗanu da matsafa. Kada a yi wasan a ɓoye. A gayyaci iyaye su ga cewa ba a sa kuɗi, ba mai cinye wani, kuma wuri da labarin namu ne. In ɗan lido ne matsalar, a rubuta lambobi a guntayen takarda a zuba cikin hula. Littafin da ba za ka iya buɗewa gaban uban ɗalibinka ba, bar shi a kanti.

Abin da na ce wa abokina ke nan: ƙaramin littafin ƙa'idoji guda, da na iri na huɗu guda. In da sauran canji, a sayo kwalin takarda da ƴaƴan lido, sannan a je a gaida tsofaffin unguwa da goro, a roƙe su labarin fatake.