Wa Zai Riƙe Fitila? Sharhi Kan Haske a Wasan Kwaikwayon Hausa

Duk wanda ya taɓa kallon wasan ɗalibai da dare a Miga, ko wani gari na fadamar kogin Haɗeja, ya san yadda abin yake. Ƙwan lantarki guda a rataye jikin bishiya, janareta na ta ruri, ɗan wasa kuwa da ya gusa taku uku sai duhu ya haɗiye shi. An saba ɗora laifin a kan rashin kuɗi. A ganinmu, mu marubuta muna da namu kason.

A dubi wasannin da muke rubutawa. Mukan cika su da zance da karin magana, amma da wuya a ga inda marubuci ya faɗi ko asuba ce ko almuru, ko kuma fuskar wa ya kamata a haska. Wannan ɗabi'a tana da asali. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, irin su Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jin su, ita kuwa rediyo kunne take yi wa aiki. Sai muka gaji kula da kunne, muka bar ido.

Akwai darasi a Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa, aka buga a 1975. Lyndersay mutumin Tirinidad ne, gwanin tsara dandamali da haske. Labarin na malami ne da ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa, yana komawa ƙuruciya, yana ratsa hamada. A dandamali, ba abin da zai nuna wa mai kallo cewa an koma baya da sauri kamar sauya haske. Shi ya sa zaman marubuci da mai haske a tabarma ɗaya yake da amfani tun daga shafin farko.

Kada a ɗauka aikin na yaran lantarki ne kawai. Duro Oni, haifaffen Minna a 1952, da wannan fanni ya zama farfesa a Jami'ar Legas. To, su wa muke koya wa? A ƙungiyoyinmu, mace takan tsaya ga fitowa a matsayin amarya ko kishiya, yaron ƙauye kuma ga ɗaukar benci. Fitila da waya sai 'yan birni maza, alhali yarinyar da ta tashi da fitilar ƙwai ta san inda inuwa take faɗawa.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, duk fitowa a rubuta mata lokacinta da haskenta. Kowace ƙungiya kuma ta ware mutum biyu, mace da namiji, su koyi aikin, ko da tocila da leda mai launi za a fara. Da haka ne wasan da muka sha wahalar rubutawa zai isa idon mai kallo. Allah ya sa mu dace.