Awa 18 ko kwana 28: abin da kwalin agogo ba ya gaya maka

A ce ka riƙe kwalayen agogon hannu na zamani guda biyu, ɗaya an rubuta awa 18, ɗayan kwana 28. Abin da zai fara zo maka shi ne batirin na farko bai da kyau. To, ba nan gizo ke saƙar ba. Batiran duka ƙanana ne. Na Apple Watch mai milimita 45 kimanin mAh 300 ne kacal, alhali wayar da ke aljihunka ƙila 5,000 gare ta. Bambancin yana wajen yadda kowane agogo ke shan ɗan abin da yake da shi.

Fara da fuskar agogon. Apple Watch da Galaxy Watch suna amfani da OLED, inda kowane ɗigo shi ke kunna haskensa. Ka fita rana, dole fuskar ta ƙara haske kafin ka ga komai, batir kuma shi ke biya. Garmin Instinct 2, mai kwana 28 ɗin, fuskarsa nau'in MIP ce: hasken waje take ara ta dawo maka da shi, kowane ɗigo kuma yana riƙe abin da aka rubuta masa har sai an canja. Rana ma ƙara mata kyau take. Amma fa baƙi da fari ce, kuma a ɗaki mai duhu sai ka danna mata fitila.

Sai ƙwaƙwalwa. Agogon da ke kan watchOS ko Wear OS tamkar waya ce aka matse ta: yana sauke manhajoji, yana amsa kira, wani har layin waya gare shi. Masu daɗewa galibi ƙaramar ƙwaƙwalwa suke da ita, wadda yawancin lokaci barci take. A 2024 OnePlus Watch 2 ya haɗa biyun a jiki ɗaya, babbar ba ta tashi sai aiki ya yi nauyi, kamfanin ya ce yana kai awa 100.

Inda nake da ja shi ne lambar kanta. Kwana 28 na Instinct 2, a lissafin Garmin da kansa, yana komawa awa 30 da zarar ka bar GPS a kunne, don sauraron tauraron ɗan adam ba ƙaramin cin wuta yake ba. Awa 18 na Apple kuwa, shekaru da dama an gina shi ne kan duba lokaci sau 90, saƙonni 90, minti 45 a manhajoji, da motsa jiki. Kowa yininsa ya tsara ya auna, sai kai mai saye ka jera lambobin kamar mudu ɗaya aka yi awon da shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Daga agogon farko a 2015 har Series 10 a 2024, alƙawarin Apple kan agogonsa na yau da kullum bai motsa daga awa 18 ba. Ba wai fasahar ce ta tsaya ba. Duk wutar da injiniyoyi suka rage, sabon abu ke cinye ta, kamar fuskar da ba ta mutuwa da aka kawo a 2019. Zaɓi ne, kuma an yi shi ne da tunanin mutumin da soket ɗinsa ba ya rabuwa da wuta. A 2020 aka ƙara auna barci, wato daren da ake sa caji ma agogon yana hannunka.

Idan a unguwarku sai a kwana biyu ba a kawo wuta ba, kada ka tsaya kan lambar kwali. Tambayi wace irin fuska gare shi, awa nawa yake yi da GPS, kuma me zai daina yi idan ka sa shi a tsarin tattalin batir.