Kafin kwamfuta ta yi makin, a koya wa malami rubuta gwaji

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani a ƙarshen 2023, ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani da hukumar NITDA, koyon kodin ya samu karɓuwa a Abuja. Mutum 30,000 aka ɗiba a zangon farko a faɗin ƙasa. Duba aikin ɗalibai masu yawan haka da hannu ya fi ƙarfin malamai. Shi ya sa ake komawa ga gwajin da kwamfuta ke yi da kanta: ɗalibi ya tura aikinsa, nan take a ce masa ya ci ko ya faɗi. Jami'ar Harvard na amfani da manhajar check50 a kwas ɗin CS50, GitHub Classroom ma na da irin nasa.

Ban ƙi wannan ci gaba ba. Damuwata ita ce, shi kansa gwajin mutum ne ke rubuta shi, kuma ba kasafai ake koya masa yadda zai yi ba. Bayanan kayan gwaji irin su pytest da Jest don ƙwararru masu gwada manhajarsu aka tsara su. Malami kuwa sababbin shiga yake fama da su, kowa da hanyar da zai bi ya warware tambaya guda. Sai ka ga ɗalibi ya yi daidai, amma an kayar da shi saboda ƙarin tazara ko babban baƙi a gurbin ƙarami, a kuma jefo masa saƙon kuskuren da bai san kansa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ake buƙata shi ne jagora ta musamman don malamai. Ta kawo cikakken misali: tambaya, gwajinta, amsoshi daban-daban da suka yi daidai, da waɗanda dole gwajin ya kama. Ta koyar da auna abin da aikin ɗalibi ke yi, ba kamanninsa da amsar malami ba. Ta nuna yadda ake ƙayyade lokaci saboda aikin da ya ƙi tsayawa, da yadda ake rubuta saƙon da zai faɗa wa ɗalibi abin da aka so da abin da ya fitar.

Ina kira ga NITDA da cibiyoyin horaswa na Abuja su zauna da malamai su rubuta wannan jagora, su sake ta kyauta, a kuma samar da ita da Hausa.