Masu ɗanɗanar gahawa a Santos

Kusan kashi ɗaya cikin uku na gahawar duniya a Birazil ake nomanta, kuma mafi yawan wadda ake fitarwa waje ta tashar jiragen ruwa ta Santos take bi, a buhuna masu kilo 60. Kafin a yanka wa buhu farashi, sai ya bi ta hannun wani gwani da suke kira *provador*, wato mai ɗanɗano. Harshensa da hancinsa su ne jarinsa, shi ya sa ba ya shiga ɗakin aiki da turare a jiki ko yaji a baki.

Da ido ake farawa. Ana soka wa buhu wani ƙarfe mai tsini da rami a ciki, irin wanda dillalan hatsi ke amfani da shi a kasuwar Dawanau, a zaro samfur. Gwani zai auna giram 300, ya baza a kan baƙar takarda, ya riƙa tsince aibi da yatsa: baƙar ƙwaya, wadda ƙwaro ya huda, wadda aka tsinka ɗanya, tsakuwa, ɗan itace. Kowane aibi da nauyinsa a lissafi. Baƙar ƙwaya guda aibi ɗaya ce, amma sai fasassu biyar sun taru kafin a ƙirga su ɗaya. Samfurin da bai wuce aibi 4 ba shi ne lamba 2, mai aibi 360 kuwa lamba 8. Babu lamba 1 a tsarin, domin ba su yarda akwai buhun da ya kuɓuta daga aibi gaba ɗaya ba. Daga nan sai a girgiza ƙwayoyin a jerin rariya don a san girmansu.

Sai dai kyan ƙwaya ba ya nuna abin da ke cikinta. Dole a soya samfurin sama-sama, don suya mai ƙarfi tana ɓoye laifi kamar yadda take ɓoye daɗi. A raba shi a kofuna da yawa, a niƙa na kowane kofi daban da tsaki-tsaki, saboda ƙwaya ɗaya da ta lalace tana iya faɗawa kofi guda ta bar sauran lafiya lau. A zuba ruwan zafi da bai kai ga tafasa ba, a jira kamar minti huɗu. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Gwani ya sunkuyo da hancinsa daf da kofin, ya fasa ɓawon da bayan cokali, ya shaƙi ƙamshin da ya kuɓuce a wannan lokacin kaɗai. Sannan ya kwashe kumfar.

Kurɓar ce abin kallo. Yana ɗibar cokali ɗaya ya zuƙa da ƙarfi har da ƙara, yadda ruwan zai fesu ko'ina a baki, tururinsa ya haura ta bayan maƙogwaro zuwa hanci. Ya juya shi kaɗan, ya tofar, ya ɗauraye cokali, ya matsa kofi na gaba. Zai sake zagayowa bayan gahawar ta huce, don wani aibin ba ya fitowa sai zafi ya sauka. Mai gaggawa, wanda ya kurɓi kofin farko ya rubuta hukunci, nan ake barinsa.

Hukuncin yana da matakai. *Mole* ita ce mai laushi da zaƙi-zaƙi, kuma a samanta akwai *estritamente mole*. *Dura* tana da bauri a harshe. *Rio* tana warin magani kamar aidin, alamar cewa ƙwayar ta sha laima ta lalace wajen shanya. Duk da haka ba a zubar da ita, akwai masu sonta a Gabas ta Tsakiya da yankin Balkan. Daga wannan warin, gwani na iya gaya wa manomi cewa matsalarsa a filin shanya take.

Wannan harshen ne kuma ke sanin mahaɗin kowace gahawa. A jihar Minas Gerais, inda ake noma kusan rabin gahawar ƙasar, ana shan ta da *pão de queijo*, ɗan burodin sitacin rogo da cuku, ko da yankan cukun yankin Canastra. Maiƙon cuku yana lulluɓe harshe ya rage ɗaci, gishirinsa ya fito da zaƙin da ke ɓoye. Gahawar yankin Cerrado, mai ƙamshin gyaɗa da cakulan kuma marar tsami sosai, tana tafiya daidai da cukun da ya kwana biyu. Idan aka kawo *goiabada*, alewar gwaiba mai kauri, sai a sha gahawar ba sukari, don zaƙi biyu a baki ɗaya suna danne ƙamshinta.