A Bar Sandar Alkawari a Kan Allo

Wani salo ya kama masu gabatar da rahoton aiki ta majigi: a ɗora jadawali kan jadawali, a kuma sa su motsi. Jadawalin shi ne na Gantt, wanda injiniyan Amurka Henry Gantt ya yaɗa tsakanin 1910 da 1915. Ayyuka a jere ta hagu, watanni a sama, kowane aiki da sandarsa a kwance, tsawonta gwargwadon lokacin da zai ci. Matasanmu da suka goge a PowerPoint sukan fara fito da sandunan shirin farko, su danna, sai sandunan abin da aka yi a zahiri su shimfiɗu a kansu da wani launi.

Ina son dabarar ƙwarai. Wanda bai taɓa karanta rahoton injiniya ba yana ganin jar sanda ta zarce baƙa zai gane aiki ya makara, ya kuma ƙirga watannin da kansa. Gani ya kori ji.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sarrafa motsin. Tun da Microsoft ya shigo da salon motsi na Morph cikin PowerPoint a 2015, sanda kan tashi daga wuri ta lallaɓa zuwa wani a hankali, gwanin sha'awa. Da yawa sai su bar sandar shirin farko ita ce ke tafiyar: aikin da aka ce za a gama a Oktoba ya zame zuwa Fabrairu, inda ya taso ya koma fari fat. Wasu kuma su sa tsohon shirin ya dusashe yayin da sabo ke fitowa. Zaure ya yi tafi, alkawarin da aka ɗauka kuwa ya ɓace a gaban kowa. Sau da yawa ba da mugun nufi ba ne, son kyan gani ne kawai, amma asarar ɗaya ce.

A gabashin Sakkwato wannan ba ƙaramar magana ba ce. Madatsar ruwan Goronyo an kammala ta a 1984, ba a ƙaddamar da ita ba sai 1992, don haka mutanen kwarin Rima sun san nisan da ke tsakanin gama gini da fara cin moriya. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya haɗa da gyaran noman rani na tsakiyar Rima da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Irin waɗannan manoma ne ya kamata a yi wa jadawali, ba baƙin da suka zo daga Abuja kaɗai ba. A wurin ɗan kwangila, jinkirin wata biyu sanda ce ta ɗan ƙara tsawo. A wurin mai alkama da tafarnuwa a Wurno, ko mai albasa a Rara, idan ruwa bai shiga magudana ba a Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da sanyi ya sauka, shekarar ce ta tafi, da bashin taki a wuyansa.

Shi ya sa nake ganin shimfiɗa ta farko ya kamata ta zama kalandar manomi: damina daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da manyan motoci ke kafewa a fadama, sai kaka, sai hunturun shuka. A kanta a kafa sandar alkawari, baƙa, kada ta motsa ko ta dusashe har a tashi taro. Sandar zahiri kaɗai za ta yi tafiya, daga hagu zuwa dama, aiki ɗaya bayan ɗaya, mai bayani yana tsayawa a faɗi dalili. Idan an sake shiri sau uku, a nuna ukun, kowanne da kwanan watansa.

Sai maganar bayan taro. Janareta na mutuwa, motsi ya ƙare. Abin da ke kaiwa hannun sarkin noma da shugabannin ƙungiya takarda ce, ko PDF a WhatsApp, kuma a nan duk shimfiɗun kan danne juna, na sama ya rufe na ƙasa. A buga da baƙin tawada, ja da kore su zama toka ɗaya. Mai haɗa allon ya ware shafi guda marar motsi, sandar alkawari siririya a sama, ta zahiri mai kauri a ƙarƙashinta, sunayen ayyuka da Hausa, ya buga ya duba da idonsa tun kafin ranar taro.